Zanen Kofi Da Bakin Mudu: Ziyarar Kasuwannin Hunturu Daga Jamus Zuwa Doguwa

Godiya ta tabbata ga Allah da ya shayar da ƙasa da damina, ya ciyar da bayinsa da kaka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci tun yana saurayi, mutanen Makka kuma suka shaide shi da riƙon amana, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a kwanakin baya wani tsohon ɗalibinmu da ke karatu a ƙasar Jamus ya aiko mana da hotunan wata kasuwa da ke ci a dandalin garin da yake zaune. Rumfunan katako ne jere reras, an ƙawata su da fitilu, mutane sun duƙunƙune cikin rigunan sanyi, kowa riƙe da kofi yana tururi. Ya haɗa da tambaya: abokan karatunsa sun gayyace shi yawon wannan kasuwa, shin ya halatta ya je? Da muka nuna wa ɗaliban da ke gabanmu hotunan, sai wani daga cikinsu, ɗan asalin ƙasar Kiru, ya yi ajiyar zuciya ya ce ina ma a ce muna da irin wannan a nan.

Tambayar na Jamus tana da amsa a littattafan fiƙihu, kuma za mu kawo ta. Amma maganar ɗan Kiru ita ce ta fi tsaya mana a rai, domin a daidai lokacin da yake faɗinta kasuwannin ƙasarsu suna tsakiyar cikarsu, buhunan masara da dawa da shinkafa sun toshe hanya, shi kuwa bai ɗauke su abin da ya isa a kalla ba.

Mece ce kasuwar tasu?

Kasuwannin da ake magana suna ci ne a makonni huɗun da ke gabanin Kirsimeti, daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa wajen 24 ga Disamba. Lokaci ne na tsananin ɗari a can, rana kan faɗi tun wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, shi ya sa fitilu da abin sha mai zafi suka zama alamarsu. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa ita ce ta birnin Dresden, wadda ta samo asali a shekarar 1434, lokacin da mai mulkin yankin ya ba da izinin kasuwa ta yini ɗaya tak domin mutanen gari su sayi naman biki. Ta birnin Nuremberg kuwa, shaidar farko da aka samu a rubuce game da ita tana ɗauke da shekarar 1628, kuma a yau kimanin mutum miliyan biyu ke ziyartarta a kowace shekara.

Abin lura shi ne, ba don yawon buɗe ido aka kafa su ba. Kasuwannin talakawa ne na tanadin hunturu: nama, da tufafin sanyi, da kayan aikin gida. A hankali masu sana'ar hannu suka shigo da kayansu. Kayan wasan yara na katako da suka yi suna a kasuwar Dresden, alal misali, daga ƙauyukan da ke kan duwatsun iyakar Jamus da ƙasar Cek suke zuwa, irin su Seiffen. Mutanen wurin mahaƙa kuza ne tun asali. Da ma'adinin ya ja baya sai suka koma sassaƙa, sassaƙar kuma ta riƙe jikokinsu har yau. Wato dai abin da ya faro a matsayin kasuwar mahauta, masu shi sun riƙe shi da kyau, sun tsaftace shi, sun tsare ƙa'idarsa, har ya zama abin da ake hawa jirgi a je kallo.

Amsar da muka ba ɗalibinmu ita ce: malamai sun bambanta tsakanin shiga kasuwa domin saye da sayarwa da kuma shiga cikin ibadar wani addini. An ruwaito cewa an tambayi Imamu Ahmad game da kasuwannin da ke ci a ƙasar Sham a ranakun bukukuwan Kiristoci, inda Musulmi kan kai tumaki da shanu da alkama, sai ya nuna babu laifi matuƙar a kasuwa aka tsaya, ba a shiga wurin ibadarsu ba. Akwai malaman da suka fi tsanantawa, wanda ya bi su don tsantseni bai yi laifi ba. Wanda ya je kuwa, ya san cewa abin shan da aka fi sayarwa a kofunan nan giya ce da aka ɗumama da kayan ƙamshi, naman da aka fi gasawa kuma na alade ne, har wasu kayan zaƙin akan zuba musu giya. Sai ya tambaya kafin ya saya, ya nisanci rumfar mashaya, ya kuma kula da salla, domin a hunturun can azahar da la'asar da magariba kusa da juna suke ƙwarai.

Tamu kasuwar, daga Bebeji zuwa Riruwai

Yanzu sai mu dawo gida. Mu ma muna da lokacin da sanyi da kasuwa suke haɗuwa. Daga watan Nuwamba zuwa Janairu, an gama girbi, ana sussuka da shiƙa, hazo ya sauko, kuɗi ya shiga hannun manomi, an sa ranakun bukukuwan aure. Kudancin Kano ya fi sauran sassan jihar samun ruwan sama, saboda haka a nan ne kaka ta fi nuna kanta.

Wanda ya taso daga birni ya kama titin Zariya, zai fara da ƙasar Bebeji. Garin Bebeji tsohon zangon fatake ne a kan hanyar Kano zuwa Zazzau. Baturen Birtaniya Kilafaton, da ya bi ta cikinsa a 1826, ya ƙiyasta mazaunansa da mutum 20,000 zuwa 25,000, ya kuma lura cewa kasuwanci ne sana'arsu. A ƙasar Bebeji ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Albarkacinta ne mai ziyara zai tarar da kifi ɗanye da banda a kasuwannin yankin, ga tumatir da albasa da tattasai na noman rani suna fara shigowa tun hatsin damina bai gama barin masussuka ba.

Gaba kaɗan sai Kwanar Dangora a ƙasar Kiru, mararrabar da matafiya ke yada zango. Ƙasar Kiru ƙasa ce ta dawa da masara da gyaɗa da rake. A wannan lokaci za ka ga rake jingine kamar shinge, yara na ta ɓanɓarar ɓawo da haƙori, ga mazarƙwaila an jera a faranti. Daga nan hanya ta karkata ta nufi Tudun Wadan Dankadai, garin da sunansa ya tafi tare da shinkafa. Masu saye kan kwaso shanshera daga kasuwannin ƙauye, mata su turara ta a gidaje, a shanya, injina su casa, a ɗura a buhu a yi birni da ita. Sana'a ɗaya ce, amma bakunan da take ciyarwa ba su ƙirguwa: manomi, da dillali, da mai awo, da mai itace, da mai turarawa, da mai inji, da ɗan dako, da direba, har da mai sayen dusa don dabbobinsa.

Daga Tudun Wada hanya ta ratsa dajin Falgore, wanda hikima ita ce a ratsa shi da rana, ta fito ƙasar Doguwa, inda masara take sarauta. A nan ƙasa ta fara tudu, duwatsu sun bayyana, ɗarin asuba kuma ya fi na birni cizo. Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar, tana da tarihin da ya yi kama da na ƙauyukan Jamus da muka ambata: tun kafin zuwan Turawa mutanenta suke haƙo kuza, su narkar da ita, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwannin ƙasar Hausa.

Kowace kasuwa a wannan yanki da ranar cinta a mako, 'yan kasuwa kuma suna bin su ɗaya bayan ɗaya kamar masu jan carbi. Daga nan manyan motoci kan kwashi hatsi zuwa kasuwar Dawanau, daga can ya bazu har ƙasashen maƙwabta. Tuwon da ake tuƙawa a Fagge da Kurna, da yawansa daga waɗannan rumfuna ya taso.

Yini guda a cikinta

Wanda yake son ganin kasuwar kaka da kyau, ya isa da hantsi kafin ta cika. Zai tarar da masu koko da ƙosai da waina sun riga kowa, 'yan dako sun kewaye wutar kara suna jin ɗumi, amalanke da babura da jakuna suna ta sauke kaya. Kafin azahar kowane layi ya ɗauki harama. Ga layin 'yan hatsi, ga na 'yan gwari, ga 'yan koli da madubai da zare da turare, ga 'yan gwanjo sun baza rigunan sanyi da barguna. Maƙera sun jera lauje da fartanya da gatari. Masassaƙa sun kawo turmi da taɓarya da akushi. Ga tukwane da kasko, ga faifai da tabarma, ga ƙwarya da ludayi sababbin fafewa. Matan Fulani sun zauna a inuwa da nono da man shanu, tsofaffi mata kuma da daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya. Can gefe kara ce, inda ake cinikin shanu da awaki, hayaniyarta daban. Idan la'asar ta yi sanyi sai hayaƙin tukuba ya tashi, ƙamshin tsire da balangu ya cika wuri, kowane magidanci ya nemi tsarabar da zai shiga gida da ita.

Yaron da ya tashi a birni, wanda bai san shinkafa ba sai a leda, yini ɗaya a nan ya fi masa darasin mako guda a aji. Zai ga bambancin shanshera da gyararriya, da na farar dawa da kaura. Zai ji yadda ake taya kaya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, ya ce ya sallama, a biya, a nemi gyara. Zai ga dillali ya tsaya tsakanin baƙo da ɗan gari ya karɓi la'adarsa. Zai ga an ba mutum buhu goma ba takarda ba sa hannu, sai kasuwa mai zuwa ya kawo kuɗi. Zai kuma ga cewa kasuwa ba ta Musulmi kaɗai ba ce: a ƙasashen Tudun Wada da Doguwa akwai Hausawa Kiristoci da sauran maƙwabta, waɗanda a watan Disamba suke zuwa sayen shinkafa da kaji da atamfa, su kuma sayar da nasu amfanin gonar. Gani ya kori ji.

Kada mu manta, akwai lokacin da Bajamushe ne ya yi tattaki ya zo kallon kasuwarmu. A watan Fabrairun 1851 matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano, ya zaga kasuwar Kurmi, ya koma ya ba mutanensa labarin saƙa da rini da fataucin Kanawa cikin mamaki da yabo. Ashe abin kallo ba sabo ba ne a wurinmu.

Zanen da ke jikin kofi

To, me ya sa ɗalibinmu ɗan Kiru bai ga kasuwar garinsu da wannan ido ba? Wani zai ce rashin fitilu ne da ƙura da rashin tsari. Akwai gaskiya a ciki. Amma da muka ƙara duban hotunan Jamus, wani ƙaramin abu ne ya fi jan hankalinmu. A jikin kowane kofi, kusa da baki, akwai ɗan zane da lamba. Da muka tambaya, sai ɗalibin ya bayyana mana cewa doka ce: duk mazubin da ake sayar da abin sha a cikinsa dole ya ɗauki alamar da ke nuna iyakar awonsa, domin mai saye ya gani da idonsa ko an cika masa. Sikelin 'yan kasuwa ma akwai ofishin hukuma da ke gwada shi lokaci-lokaci ya manna masa hatimi. Baƙon da bai iya ko gaisuwa da harshensu ba zai sayi abu hankalinsa kwance.

Mu kuwa da aka saukar mana da sura sukutum a kan masu tauye awo, wato Suratul Muɗaffifina, muka kuma karanta yadda aka halaka mutanen Annabi Shu'aibu a kan wannan laifi, yaya bakin mudunmu yake? Mun taɓa tsayawa a wata kasuwa muka ga mai awo da kwano biyu. Ɗaya an bubbuge gindinsa ya zurfafa, da shi yake auna kayan manomi idan zai saya. Ɗayan an tura gindinsa ciki, da shi yake auna wa mai cefane. Tsohon da ya kawo masarar ya tabbata ya auno kwano arba'in a gida, aka auna a gabansa aka ce bai kai ba. Ya duba hagu ya duba dama, bai ga wanda zai kai wa kuka ba, ya karɓi abin da aka ba shi ya kaɗa jakinsa. Ba mu ce duka masu awo haka suke ba. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman halali. Sai dai wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Bayan tauye mudu akwai algus: a zuba tsakuwa ko ƙaiƙayi a tsakiyar buhu, a yayyafa wa hatsi ruwa don ya yi nauyi, a sa manyan tumatir a saman kwando a ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ciki. Mai kayan ya ba da uzurin ruwan sama, sai ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barrantar da kansa daga mai ha'inci.

Akwai kuma taren hanya. Tun da asuba wasu kan fita bayan gari su tsare manomi kafin ya shigo kasuwa, su ce masa yau kaya sun faɗi, su saye da arha, su shigo su sayar da tsada. Shari'a ta hana tarar masu kawo kaya kafin su iso kasuwa, kuma dalilin a fili yake: mutum yana da haƙƙin sanin farashin yini kafin ya rabu da guminsa. Haka nan ta hana tayin ƙarya, irin wanda akan yi a kara, inda abokin mai dabba zai riƙa ƙara kuɗi ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi baƙo.

Bashin kaka

Mafi ciwo a cikinsu shi ne wanda ba a gani a rumfa. Buhuna da yawa da mai ziyara zai gani ana lodawa, tun watan Yuli suka bar hannun mai su. Damina ta yi tsakiya, rumbu ya ƙare, masara na neman taki, yaro ba lafiya. Manomi ya je wurin mai hali ya karɓi kuɗi ko taki ko hatsi, a kan zai biya da kaka. Kaka ta zo, farashi ya faɗi saboda kowa na sayarwa, ya biya bashi, ya sayar da saura don hidimar aure da kuɗin makaranta. Kafin bazara ta ƙare ya dawo kasuwa yana sayen masarar da ya noma da kuɗin da ya fi wanda ya sayar. Shekara ta juyo, ya koma gidan jiya.

Musulunci bai toshe wa manomi ƙofar samun jari ba. Annabi ya tarar da mutanen Madina suna biyan kuɗin dabino tun shekara ɗaya ko biyu kafin a girbe, bai hana su ba, sai dai ya shar'anta a san awo, a san nauyi, a san lokaci. Wannan shi ne cinikin salam. Mai kuɗi ya biya gaba ɗaya tun farko, a faɗi adadin buhu da irin hatsin da ranar bayarwa, a rubuta, a sa shaidu. Amma a ba mutum buhu ɗaya da damina a ce ya maido biyu da kaka, wannan riba ce tsagwaronta. A ba shi kuɗi a ce sai kaka ta yi za a faɗa masa buhu nawa zai kawo, wannan ma bai inganta ba, domin an bar wuyansa a hannun mai bashi. Ko a cinikin da ya cika sharuɗɗa, wanda ya matse mabuƙaci ya karya masa farashi don ya ga ba shi da mafita, ya sani cewa ingancin ciniki daban, albarkarsa daban.

A nan ne zakka take da aiki. Nisabin hatsi wasaƙi 5 ne, wato sa'i 300, ko mudannabi 1,200. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, wanda aka shayar da wahala da kashe kuɗi, kamar na injin ban ruwa, ɗaya bisa ashirin. A mazhabar Malikiyya shinkafa da gero da dawa kowanne jinsi ne mai zaman kansa, ba a haɗa su don cika nisabi, amma dangin wake ana haɗa su. Da manyan manoman kudancin Kano za su fitar da wannan haƙƙi a masussuka, ya isa hannun maƙwabtansu, da an rage masu zuwa neman bashin kaka.

Gadon da muke da shi

Tsaron kasuwa ba baƙon abu ba ne da za mu aro daga Turai. Da Annabi ya yi hijira ya keɓe wa Musulmi filin kasuwa a Madina, yana kuma zaga ta da kansa. Sayyidina Umar ya bi sawunsa, ya naɗa masu kula da ita. Daga nan aikin muhtasibi ya samo asali, wanda babban aikinsa a biranen Musulmi shi ne gwada mudu da sikeli da hana algus. A nan gida, Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi, a ƙarni ɗaya da kasuwar Dresden. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa abin da masu iko ke ƙwata daga hannun 'yan kasuwa cikin zaluncin da ya yi inkari.

Har yau kayan aikin suna nan. Kowace kasuwa tana da sarkin kasuwa da shugabannin layi. Akwai hakimai da dagatai, akwai ƙananan hukumomi da ke karɓar kuɗin shiga duk ranar kasuwa, akwai Hukumar Hisba da aka kafa a jihar Kano tun 2003. Abin da muke roƙo ba mai tsada ba ne: a ajiye mudu ɗaya mai hatimi da sikeli ɗaya ingantacce a rumfar sarkin kasuwa, duk wanda ya yi shakka ya je a sake auna masa kyauta. A riƙa zagayen gwada kwanuka ba tare da sanarwa ba. Daga kuɗin da ake karɓa a gyara rijiya da makewayi da wurin salla, a share bola. Limaman garuruwan nan kuma su ware huɗubobin kaka domin hukunce-hukuncen ciniki, domin da yawa masu aikata waɗannan abubuwa gadonsu suka yi, ba a taɓa zaunar da su an karantar da su ba.

Ga mai niyyar zuwa

Muna kira ga magidanta, musamman mazauna birni, su ware rana guda a hutun nan su kai 'ya'yansu ɗaya daga cikin kasuwannin. A tambayi ranar cinta kafin a tashi. A fita da wuri, a sa wa yara rigunan sanyi, a riƙe hannun ƙanana, a shirya dawowa kafin duhu. A koya musu zikirin shiga kasuwa da yin sallama ga masu rumfa. Idan an kira salla a ajiye ciniki.

A sayi abin da za a iya kai tsaye daga hannun mai shi. Kada a matsa wa tsohuwa mai daddawa a kan naira hamsin alhali a kantin birni ba a neman ragi, domin an yi addu'ar rahama ga mai sauƙin hali a saye da sayarwa. Kada a taya abin da ba a da niyyar saye, kada a shiga cinikin wani kafin ya ƙare. Kada a ɗauki hoton mutane, balle matan aure, ba da izininsu ba. Wanda Allah ya hore wa ya sayi abincin shekara don iyalinsa, wannan halal ne, Annabi ma ya tanadar wa iyalinsa abincin shekara. Abin da aka hana shi ne kwashe abinci a ɓoye lokacin da jama'a ke cikin ƙunci don a jira ya yi tsada.

Ɗalibai kuma su tafi da littafi da alƙalami. Babin ciniki da kuka karanta a Risala da Askari, ga shi nan yana tafiya da ƙafafunsa. Ku zauna da dillali ku tambaye shi yadda ake yanka la'ada. Ku tambayi mai awo kwano nawa ke cika buhu. Ku tambayi manomi nawa ya kashe, nawa ya samu. Malamin da bai san yadda mutanensa ke ciniki ba, fatawarsa ba za ta wuce zaure ba.

Mun mayar wa ɗalibinmu na Jamus amsa, muka ƙara masa da aiki: idan ya je, ya duba yadda suke tsare awo da tsafta da tsari, ya riƙe, ya dawo mana da shi, domin hikima kayan mumini ce da ta ɓace masa. Shi kuwa ɗan Kiru mun yi alkawari da shi cewa ranar kasuwar garinsu mai zuwa shi zai yi mana jagora, ya nuna wa 'yan ajinsu rumfar da kakansa ya yi shekaru yana awo.

Allah ya sanya albarka a kakarmu da kasuwanninmu, ya yaye wa manoma bashi, ya tsare matafiya, ya ba mu ikon cika mudu ga wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ne mafi sani.